Fatar da Ta Bushe Cikin Marka

A zamanin da birnin Jangarai ke da ganuwa mai ƙofa shida, kafin gara da ruwan sama su raba ta a tsakaninsu, akwai wata al'ada a fadarsa wadda baƙi kan yi wa dariya. Tambarin yaƙin Jangarai ba ya zama da fata. Duk ranar da aka dawo daga yaƙi sai a yanke fatar a binne, a mayar da itacen ɗakinsa haka nan tsirara. In wani yaƙin ya taso, sai an yanka baƙin bijimi, an ɗaura ɗanyar fatarsa a kan tambarin, an bar ta a inuwar ɗaki ta bushe don kanta. Kafin ta bushe ba a buga tambari, in kuwa ba a buga shi ba, ko mashi ɗaya ba ya fita ƙofar gari. Da rani abin kan ɗauki kwana huɗu ko biyar, da damina kuwa sai ya haura mako.

Wani sarki ne na can baya ya kafa wannan doka, bayan ya ƙone garin surukansa a kan wata magana da aka kawo masa da safe, kafin la'asar ta tabbata ƙarya ce. Baƙi suna cewa wai Jangarawa sai sun nemi izinin fata kafin su yi fushi. Ba su san su ba ne. Fushi kam suna da shi har na bayarwa, shi ya sa ma suka nema masa turke.

Mutum ɗaya ne ke shiga ɗakin tambari, shi ke ɗaura fata, shi ke taɓawa, shi ke fitowa ya ce ta bushe ko ba ta bushe ba. Sarkin Tambari ke nan. A zamanin Sarki Tunau mai riƙe da wannan sarauta shi ne Nomau, wani tsoho siriri mai rowar magana, wanda ya shekara talatin da ɗaya a kai. An san shi da taurin kai. Ya taɓa tsayawa gaban mahaifin Tunau safiya goma sha ɗaya a jere yana cewa, “Zaki, da saura,” har fushin sarkin ya huce aka fasa yaƙin. Cikin 'ya'ya tara da Allah ya ba Nomau ɗaya ne ya rayu, sunansa Dogara. Bai gaji shirun ubansa ba, Allah ya yi shi da iya magana, har ya zama jakadan sarki tun gemunsa bai gama cika ba.

A tsakiyar marka, lokacin da sama kan kwana ta wuni tana zuba, Sarki Tunau ya aiki Dogara wurin Maigizo, Sarkin Gulbare. Kogi ne ya raba ƙasashen biyu, kuma sun daɗe suna jayayya a kan mashigin da ke gindin ganuwar Gulbare, tafiyar yini guda daga Jangarai. Dogara ya tafi da rakiyar mutum uku. Mutum ɗaya ne ya dawo, a ƙasa, ba takalmi, riƙe da rawanin Dogara a dunƙule.

Fada ta cika. Mutumin ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ja zamaninka, Maigizo ya sa wa jakadanka mari a ƙafa. Ya ce a gaya maka ya ba ka kwana biyar daga yau. In ka sallama mashigi ka karɓi mutuminka, in ka ƙi, ranar ta biyar zai aiko maka da kansa cikin ƙwarya.”

Sarki Tunau ya dafa matashin gadonsa. Masu cewa shi mai sanyi ne ba su taɓa zama kusa da shi ba. Zuciyarsa ta fi ta kowa zafi a fadar nan, riƙe ta kawai ya koya, kuma riƙon yana ba shi wahala. Fadawan da ke gaba sun ga yadda yatsunsa suka nutse cikin matashin da ya dafa.

Kaura Barmo, shugaban mayaƙa, bai jira an ba shi dama ba. Ya miƙe ya ce, “Zaki, tun da aka kafa Jangarai ba a taɓa sa wa jakadanta ƙarfe ba. Yau an sa wa jakada mari, gobe kuma a sa wa wa? Ka ba ni izini, kafin rana ta faɗi gobe in shayar da dokina a rijiyar fadar Maigizo. Wannan ba abin da za a zauna jiran fata ba ne. Yaron nan kwana biyar gare shi, fata kuwa a wannan ruwan sai ta ci goma.”

Matasan fada suka yi ta gyaɗa kai. Sai Galadima Arzika ya yi gyaran murya. Shi sa'an Nomau ne, tare aka yi musu kaciya, kuma shi ne babba a majalisa.

Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, maganar Kaura maganar namiji ce, ban raina ta ba. Amma a duba. Maigizo ya san al'adarmu kamar yadda ya san hanyar ɗakinsa. Don me ya ce biyar, bai ce goma ba? Don ya san fata ba ta bushewa a biyar. So yake mu karya abin da kakanninmu suka kafa mu fito a gigice, kogi cike, gero na gona, ko kuwa mu durƙusa masa. Wanda ke son kai ba ya aiko da wa'adi, yanka yake yi. Mashigi yake so. Ka bar ni in je da ƙafata. Muddin tambari bai yi magana ba ni baƙo ne a gidansa, kuma ina da abin da zan gaya masa.”

Kaura ya ce, “In kuma ya haɗa ka da yaron ya ɗaure fa?”

“To, ya ƙaru da tsoho mai tari. Ba zai ji daɗin ajiyar ba.”

Sarki ya juya wajen Nomau, wanda ke zaune a wurinsa yana kallon rawanin ɗansa a ƙasa. Ya ce, “Sarkin Tambari, ɗanka ne. Me ka gani?”

Nomau ya ce, “Zaki, a fada jakadanka ne. Abin da aka saba shi za a yi.”

Kowa ya yaba. Har wani bafade ya ce dutse ne ba mutum ba. Sarki ya yanke hukunci: a yanka bijimi yau, Kaura ya tara mayaƙa su zauna cikin shiri, Galadima ya kama hanya. A bakin zaure Galadima ya riƙe hannun Nomau ya ce, “Ka ba ni kwanakin da fata za ta ba ni, Nomau. Ban roƙe ka ƙari ba.” Nomau ya ce to.

Ya ɗaura fatar da la'asar, ya ja tsirkiyoyinta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ubansa ya koya masa. Washegari ya shiga ya danna ta da babban yatsa, yatsan ya lotsa, har ruwa ya taso. Bangon ɗakin kansa gumi yake yi. Ya zauna a ƙasa ya ƙirga kwanakin da yatsu, ya sake ƙirgawa, lissafin bai canza ba. Ya gaya wa kansa duk abin da Galadima ya faɗa, kuma ya san gaskiya ce, domin shi ma da ɗan wani ne a ɗaure haka zai ce. Amma ya san Maigizo mashayi ne, kuma mashayi kan cika alkawarin da mai hankali zai janye. Ya rufe ido, sai ya ga ƙwarya. Shekara talatin da ɗaya yana tsare fushin sarakuna, bai taɓa tunanin akwai abin da ya fi fushi wuyar tsarewa ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro irin na uba, kuma ba wanda zai gaya wa, tun da an riga an ce shi dutse ne.

Da rana ta take, ruwa ya tsuge, kowa ya shige ɗaki. Nomau ya bi ta bayan maƙera ya ɗebi gawayi a cikin riga. Ya san itace zai yi hayaƙi ya tona shi, gawayi kuwa ba ya tsegumi. Ya hura shi a kasko, ya jingina tambarin nesa kaɗan, ya riƙa juya shi a hankali don kada gefe ɗaya ya ƙone, yana shafa wa fatar man shanu da tafin hannu don kada ta tsage. Abin takaicin shi ne ya iya. Da wani ne ya gwada da fatar ta fashe, asiri ya tonu, aka huta. Yini biyu yana wannan aiki. Ya kwashe tokar ya zuba a kwata, ruwa ya tafi da ita.

Safiya ta huɗu ya shiga fada ya faɗi. Sarki ya yi masa tambayar da aka saba, yana jiran amsar da aka saba.

Nomau ya ce, “Zaki, ta bushe.”

Fadar ta ɓarke da surutu. Tsofaffi suka ce tun da suke ba su taɓa jin fata ta bushe a kwana uku cikin marka ba. Wani ya ce ai jiya ya ga shaho ya kewaye ɗakin tambari sau uku, wani ya ce shi ma ya gani, alhali jiya ko kaza ba ta fito ba saboda ruwa. Kaura ya ɗaga murya ya ce, “Wace alama kuma ake jira? Kakanni da kansu sun gaji da haƙurinmu. Abin da suka kafa don ya tsare mu shi ne yau ya buɗe mana ƙofa.”

Sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, “Galadima fa? Yana cikin gidan mutumin nan.”

Kaura ya ce, “Allah ya taimake ka, kwana uku ke nan ba shi ba labarinsa. Gobe wa'adi. In an ɗaure shi, jiranmu ba zai kwance shi ba. In ba a ɗaure shi ba, Maigizo ba zai taɓa shi ba alhali takubbanmu na bakin kogi.”

Sarki ya sa aka kawo tambarin. Ya sauko daga gado da kansa, ya ƙwanƙwasa fatar da ƙashin yatsa, ta amsa tangaram. Ya daɗe yana duban Nomau. Sa'an nan ya ce a hankali, yadda su biyu kaɗai za su ji, “Baba Nomau, kai ka hana mahaifina abin da yake so kwana goma sha ɗaya. Ni ina son yaƙin nan, ina sonsa har ba na yarda da kaina. Shi ya sa nake tambayarka. Don kanta ta bushe?”

Nan ne ƙofa ta ƙarshe. Da ya ce a'a, da an tsige shi daga sarauta, an kuma yanka wani bijimin. Nomau ya dubi ƙasa ya ce, “Don kanta, Zaki.”

Sarki ya ja dogon numfashi, kamar wanda aka sauke wa kaya. Fuskarsa ta sake, fushin da ya danne kwana uku ya fito fili, kuma ya ji daɗin fitowarsa. Ya ce, “To, a buga.”

Aka buga a Ƙofar Gabas da hantsi. Sarki ya tura mahayi gaba ya je ya kira Galadima, amma mahayin ya tarar da kogi ya kawo, masu tsaron mashigi kuma suka kore shi da kibau, ya juyo. Runduna ta wuni tana fama da taɓo, ta yi zango a wani tudu, da gari ya waye ta gangara. Daga bakin kogi ana hango ganuwar Gulbare, ja wur saboda ruwan da ta sha. Mayaƙan Maigizo sun riga sun jeru a ɗaya gaɓar, 'yan baka a gaba, masu garkuwa a baya.

Kaura Barmo mai gaggawa ne a majalisa, amma a fagen fama ba shi da garaje ko kaɗan. Tun kafin a iso ya ware mutum ɗari uku daga cikin masunta, ya tura su can sama inda kogi ya yi kwana, kowa da gorarsa ta ninƙaya, su haye a ɓoye su ɓullo ta bayan abokan gaba. Alamar da za su jira ita ce muryar tambari. Ya bar sauran a tsaye cikin yayyafi har rana ta ɗaga, sa'an nan ya zo ya tsaya gaban Nomau ya ce, “Sarkin Tambari, kira mana ɗanka.”

Nomau ya ɗaga makaɗi ya sauke. Bai taɓa bugu irin na ran nan ba. Ƙarar ta bi kan ruwa ta daki ganuwa ta dawo, tsuntsaye suka tashi daga kurmi. Da kowane bugu yana ji a ransa yana gaya wa Dogara, ga ni nan, ka ƙara haƙuri kaɗan. Dakarun Jangarai suka faɗa ruwa iya ƙirji, garkuwa a ka. Kibau suka yi musu ruwa, amma tsirkiyar bakunan Gulbare ta sha danshi, rabin kibau a kogi suka ƙare. Duk da haka mashigin ya ci mutane. Wanda kibiya ta sama a wuya ba ya ko faɗuwa, ruwa ne ke ɗauke shi ya wuce da shi ta gaban 'yan'uwansa. Sau biyu Jangarawa suna kai gaɓa ana turo su baya. A na uku sai ihu ya tashi daga bayan Gulbarawa, masuntan nan sun iso. Sahu ya karye. Kafin azahar Kaura yana tsaye a gindin ganuwa, jini har gwiwar hannu, kuma labari ya zo cewa Maigizo ya fice ta ƙofar baya da 'yan tsirarun barori.

Fatar ba ta tsage ba. Nomau ya duba ta, ko tabo babu, har ya ji wani sanyi a ransa, ya ce ashe Allah bai kama shi ba.

Ana shirin fasa ƙofa sai aka ji ana zare sakata daga ciki. Ƙofar ta buɗe. Galadima Arzika ne ya fito, a ƙasa, kansa ba rawani, yana dogara sanda. A bayansa mutum huɗu ne ɗauke da wani abu naɗe cikin tabarma. Mayaƙa suka dare suka ba shi hanya. Bai gai da Kaura ba. Ya zo gaban dokin sarki ya durƙusa da ƙyar.

Sarki ya ce, “Galadima, mun gode Allah da muka same ka da rai. Ina jakadana?”

Galadima ya nuna tabarmar da sanda. Aka ajiye ta a kan taɓo. Nomau ya saki makaɗi, ya tako, amma bai iya ƙarasawa ba, ya tsaya taku uku daga gare ta.

Galadima ya ce, “Zaki, zan faɗa yadda aka yi, don kada gobe maroƙa su gyara shi. Kwana biyu ina zaune da Maigizo. Jiya da la'asar muka daidaita, mashigi naka ne, shanun Gulbare su sha ruwa a nan da rani. Ya rantse, na rantse. Aka kira maƙeri ya cire marin. Maigizo ya ba yaron riga da doki, ya ce mu kwana mu tashi da safe. Ban aiko ba don kogi ya cika, kuma na ce ina da sauran kwanaki a hannu. Yau da safe ƙafata ɗaya na kan likkafa sai ga ɗan leƙen asirinsa, ya ce jiya an buga tambari a Jangarai, runduna na hanya.”

Kaura ya sunkuyar da kai. Galadima ya ci gaba, amma yanzu ba sarki yake kallo ba, Nomau yake kallo.

“Maigizo ya zare takobi ya ce na zo na shagaltar da shi da daɗin baki ne. Yaron ne ya yi magana. Ya yi dariya ma. Ya ce, ‘Ranka ya daɗe, mutuminka tsawa ya ji. Kwana uku cikin wannan ruwa fata ba ta bushewa, kuma wanda ke taɓa ta ubana ne. Ko ni aka ɗora a wuta ba zai ce ta bushe ba in ba ta bushe ba. Ka tura mayaƙanka bakin kogi in kana so, ni kuwa ka zaunar da ni a nan. In ka ji tambarin Jangarai yau, kada ka jira komai, ka sare ni.’ Akwai dama ya roƙi a kulle shi a yi garkuwa da shi, na ma raɗa masa haka, ya ce ba ya bukata. Maigizo ya mayar da takobi kube, ya ce ya yarda. Muka zauna a zaure mu uku, aka kawo fura. Har hantsi ya yi ba mu ji komai ba, Maigizo ya fara jin kunya, ya ce a kawo dawakanmu.”

Ya tsaya ya yi tari. Yayyafi na ta sauka a kan tabarmar.

“Sai tambari ya yi magana. Ni Maigizo ya bar ni da rai don na ci abincinsa,” in ji Galadima.

Sarki Tunau ya juyo a kan sirdi ya dubi Sarkin Tambari. Bai tambaye shi komai ba, fuskar tsohon ta riga ta amsa. Nomau ya buɗe baki, amma ba sarki ya yi wa magana ba.

“Arzika, da ya ji, ya ce wani abu?”

Galadima ya so ya yi shiru, amma ya riga ya yi alkawarin ba zai gyara ba.

“Maigizo da kansa ya nema masa mafita. Ya ce wataƙila an ƙwace makaɗin ne daga hannun tsohon, wani ne ke bugawa. Yaron ya ajiye ludayi, ya kasa kunne, ya daɗe yana saurare. Sai ya ce, ‘A'a. Hannun Baba ne.’”